Baƙin Mai a Bangon Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so, don hancina ba zai bari ba. Duk ranar da zafi ya yi zafi, bangon gidan da nake zaune yanzu sai ya buso mini wani ɗan wari, kamar mai cewa "ina nan fa." To bari in ba da labarin da bakina, tunda rabin Lugbe sun riga sun ji shi a bakin wasu, kuma kowa da irin gishirin da ya ƙara.

Ni kafinta ne, kafintan rufi. Shekara ashirin da 'yan kai ina hawa saman gidajen mutane a Abuja ina buga musu abin da zai tare ruwa, in sauko in koma ɗakina na haya a Mpape inda muke tarar namu ruwan da roba uku. Boko ban wuce aji huɗu ba. Amma katako kam na san shi. Ka rufe mini ido ka miƙo mini guntu, in ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, zan faɗa maka ko ɗanye ne, ko ya sha rana, ko mai sayarwa ya cuce ka. (Ku riƙe maganar ƙwanƙwasawar nan, za mu dawo kanta.)

Wanda bai zauna Mpape ba ba zai gane ba. Idan masu fasa dutse suka tayar da nakiyarsu, kwanukan matata Hanne sai sun gaisa da juna a saman kabad. Ruwan sha sai an sauka gangare an hauro da shi. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da ban cika faɗa wa mutane ba: bayan La'asar, in ba aiki, sai in hau wani falalen dutse a bayan unguwarmu in zauna ina kallon rufin gidajen Maitama daga nesa, ina rabawa. Wancan mai jan rufi nawa ne. Wancan mai bishiyoyi na bar wa Hanne. Wancan dogon na ba surukata, don ya fi nisa. Sai an kira Magariba in sauko in tarar da robobinmu suna jirana.

Ana haka na samu aikin rufin gidan Hajiya Rabi a Lugbe. Babbar ma'aikaciya ce a ɗaya daga ma'aikatun gwamnatin tarayya, ta kusa ritaya, tana gina inda za ta huta. Mace ce mai gilashi da magana a hankali, irin wadda in ta ce "to" sai ka kwana kana tunanin wane irin "to" ne. Da na gama rufin na mayar mata da ragowar ƙusa rabin buhu, sai ta dube ni ta saman gilashin, ta nuna mini ɗakuna biyu da ake ginawa a bayan gidan. Ta ce tana neman mutum mai iyali, mai amana, da zai zauna ya kula mata da gidan, don tana yawan tafiya wajen 'ya'yanta.

"Bari dai a gama ginin, Malam, mu gani," in ji ta.

Kuskurena na farko shi ne da na faɗa wa Hanne. Tun daga ranar ba ta da zance sai famfo. "Ka ce a bakin ƙofa yake? Murɗawa kawai ake yi? Ko da rana tsaka?" Har tana tunanin inda za ta shuka alayyahu a gefensa. Ni ma ban fi ta ba, na daina rabon gidajen Maitama, na koma jera kujeru a ɗakunan da ban samu ba.

Wata Laraba Hajiya ta kira ni. Ta ce ta gaji da fenti: gidanta na haya duk damina biyu sai bangon waje ya kumbura ya saɓule kamar fatar maciji. Tayil kuma tana ganin yana ɓamɓarewa a gidajen mutane, dutse kuma sai gida ya koma kamar banki. Ta ce lokacin da ta je wani kwas a ƙasar waje ta ga gidaje da aka lulluɓe da dogayen alluna, ɗaya ya hau kan ɗaya, kuma ta ji akwai wani shago a cikin gari da ke kawo irinsu.

"Ka raka ni mu zaɓa, tunda kai ka san duk abin da ake bugawa da ƙusa."

Jama'a, ni za a tafi da ni zaɓe. Ba ɗauko ba, ba sauke ba, zaɓe. Na ɗauko kaftanina na Juma'a ran Alhamis, na kafa hula, na fesa turaren Hanne. A mota aka ce in zauna gaba kusa da direba. Sanyi na busa ni, titi na zamewa a ƙarƙashinmu kamar ruwa, sai na ji kamar dama can haka Allah ya tsara ni, ashe shekaru ashirin ɗin nan kuskuren hanya ne.

Shagon ƙofar gilashi gare shi, wadda ke buɗe kanta. A ciki an jera banguna ƙanana, kowanne da irin rigarsa. Mai shagon wani matashi ne ɗan Kudu, Sunday, mai fara'a da saurin baki. Ya ja Hajiya gaban wani bango ya fara zuba Turanci. Na kama kalmar ruwa, na kama kalmar wuta, saura ya wuce ta saman hulata. Ni dai kai nake gyaɗawa, in ya ɗaga murya in ce "yes," in ya sauke in ce "yes, yes."

Yaron nan, Allah ya saka masa, ya juyo ya dube ni. Da Hausarsa irin ta Abuja ya ce, "Baba, kin gane ko? In yi maki da Hausa?"

Nan ne ƙofar tsira ta buɗe, ni kuma na rufe ta da ƙafa. Na ce, "Ci gaba, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin."

Iri uku ya nuna mana: mai santsi, da mai faɗi kamar allon makaranta, da dogaye masu jijiya. Waɗannan na ukun su suka tafi da ni. Jijiyar itace ce sak, har da ɗan ido nan da can inda reshe ya taɓa fita. Na ce a raina, kai, Turawa sun iya fere katako. Hajiya ta ce, "Malam, ya ka gani?" Na ja numfashi, na karkata kai, na ɗan yi shiru irin na masana, sannan na nuna masu jijiyar da haɓa. Kalar shayi mai madara. Ta ce ita ma su ne a ranta. Sunday ya tafa ya ce, "Baba ta san kaya!"

To ga tambayar da Hanne take yi mini har yau: me ya hana ka ƙwanƙwasa? Gaskiyar ita ce hannuwana suna goye a baya. Na lura injiniyoyi ba sa ƙwanƙwasa abu, nuni suke yi da mukullin mota. Ni ba ni da mukulli, sai na goya hannu. Yatsa ɗaya da na miƙa da wannan labarin bai samu ba.

A hanyar dawowa wani tunani ya riƙa cina. Katako, a waje, a Lugbe? Ni na ga shurin gara guda biyu a bayan katangar Hajiya, kowanne ya kai ƙuguna. Gara a wajen nan in ka jingina tsani ka shiga sallah sai ka fito ka tarar ta fara ɗanɗanawa. Kuma duk kafintan da ya amsa sunansa ya san maganinta: baƙin mai, wanda bakanike ya juye daga inji, a sirka da ɗan man gas, a shafe katako tas kafin a ɗora kwano. Haka maigidana ya koya mini, haka nake yi wa kowane rufi, kuma babu rufina da gara ta taɓa ci. Yaron nan duk Turancinsa bai kawo zancen baƙin mai ba (ko ya kawo ma ta ina zan sani?). Sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ga inda ake bukatar tsohon hannu. Na yanke ba zan faɗa wa Hajiya ba. Kyauta zan yi mata, ta zo ta gani kawai, mukullin ɗakunan nan ya faɗo hannuna da kansa.

Allah da ikonsa, a makon da yaran Sunday suka zo bugawa, aka yi mana rasuwa a gida, na tafi Jigawa na yi kwana goma. Da ina nan, da na ga farar ƙurar da ke tashi in suna yankawa, da na ɗaga ɗaya na ji nauyi. Ban gani ba, ban ji ba. Na dawo ran Alhamis na tarar an gama.

Ina shiga layin na tsaya cak. An ɗauke ruwa ke nan, rana ta leƙo ta ƙasan gajimare ta bugi gidan. Allunan nan a jere, kowanne da siririyar inuwarsa a ƙarƙashi, ruwa na ɗiga daga bakinsu a hankali. Kamar ba a Lugbe ba. Kamar an ɗauko gida daga cikin kalanda an ajiye a jar ƙasa. Har na yi wa kaina dariya: a Mpape wanda ya kasa sayen bulo shi ke yin bangon katako, ga shi nan masu hali sun gama bulo sun rufe shi don ya yi kama da namu. Na zagaya baya na ga shurin gara yana nan, har ya ƙara tsawo. Na ce wa garar, "Ba za ki ci wannan ba, sai dai ki ci ni."

Bakaniken da na je wajensa a bakin titin filin jirgi ya ce, "Oga, wane irin rufi ne zai sha jarka biyu?" Na ce aikin manya ne.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na kafa tsani a gaban gida, don nan idon Hajiya zai fara sauka. Baba Audu maigadi, wani dattijo da rikici ya koro daga gabas, yake kwana Kuchigoro yake zuwa aiki nan, ya taso daga bencinsa ya tsaya yana kallon bokitin.

"Malam Kafinta, Hajiya ta sani kuwa?"

Na ce, "Baba Audu, ba komai ake faɗa wa mai gida ba. Wani abin gani ake yi."

Ya ce, "To, za ta gani kam." Ya koma bencinsa.

Na tsoma buroshi na shafa. Katako in ka ba shi baƙin mai tsotsewa yake yi kamar mai ƙishi, kafin gobe ya koma ja-ja mai duhu irin na maɗaci, har ya fi da kyau. Wannan kuwa ya ƙi sha. Man ya tsaya a kai yana ƙyalli, sannan ya fara gangarowa. Mai hankali nan zai tsaya. Ni sai na ce, ikon Allah, katakon Turai ke nan, tauri gare shi, sai an yi masa haƙuri. Na ji bangon da sanyi a tafin hannuna, na ce ai damina ce. Na ga guntaye masu launin toka a zube a gindin katanga, na ce ragowar silin ne. Duk alamar da Allah ya aiko mini sai na nema mata uzuri.

Don gaskiya ba na kan tsanin nan. Jikina ne kawai a wurin. Ni ina can wata duniya inda Hajiya ta tara injiniyoyi tana cewa, "Ku zo ku koyi aiki wajen Malam." Sunday ya durƙusa yana rubuta yawan man gas da ake sirkawa. An yi mini allo a bakin titi da sunana, an zana guduma da zarto a gefe. Hanne na tsaye gaban famfo ta bar shi yana zuba, don kawai ta ji ƙararsa. Ni kuma ina kan kujerar roba a ƙarƙashin mangwaron da ban shuka ba tukuna, amma a mafarkin har ya yi 'ya'ya, ɗaya ya faɗo kusa da ƙafata ban ma tanka masa ba. Kafin rana ta faɗi na gama gaban gida kaf, daga ƙasa har ƙarƙashin rufi.

Da na koma gida na ce wa Hanne ta shirya gobe, na ji Hajiya za ta zo duba gida, ita ma ta zo ta ga ɗakunanta da idonta. (Eh, ni na gayyato ta. Ba wanda ya sa ni.)

Asabar da safe na riga kowa zuwa. Bangon bai zama maɗaci ba. Baƙi ne wuluk, yana naso, ya zubo layi-layi a kan farin dakali, ga ƙwari da ƙura da gashin kaza sun manne. Warin kuwa tun daga bakin layi. Kun san me na yanke? Na ce shafa ɗaya ce ba ta isa ba. Ina kan tsani ina ta biyu Hanne ta iso, mota biyu ta hau daga Mpape, cikin atamfarta ta Sallah. Ta dubi bango, ta dube ni, ta buɗe baki ke nan sai ga motoci uku sun shigo layin.

Hajiya ce, da ƙawayenta na ofis su biyar cikin leshi, ta kawo su ganin bangon da ta yi mako tana ba su labari. Ga Sunday a baya da wayarsa a ɗage, ya zo ɗaukar hoton da zai riƙa nuna wa masu saye.

Ɗaya daga matan ta ja gyale ta toshe hanci. Na ji ɗigon mai daga buroshina ya faɗi ƙasa, ɗis. Hajiya ta cire gilashi, ta goge, ta mayar.

"Malam. Gobara aka yi?"

Na sauko da murmushina, don har lokacin ina jiran yabo. Na ce, "Ranki ya daɗe, maganin gara ne. Katako a waje ba ya rai sai da baƙin mai. Zuwa jibi zai sha, za ki ga kala."

Sunday ya ɗora hannu biyu a ka. "Baba! Wane katako? Wayyo, Baba ta kashe ni!" Ya ruga gindin katanga ya ɗauko guntu ɗaya daga cikin masu launin tokan nan, ya juya shi. Gabansa shayi mai madara da jijiyar itace, bayansa toka. Ya miƙo mini. "Baba, ki buga. Ki buga ki ji."

Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ƙwal. Kamar kasko.

A Hausar da na ƙi saurara a shago, yanzu ya yi mini bayanin a gaban mata shida da matata da maigadi. Siminti ne da yashi da zaren itace, aka kwaɓa aka matse a inji, aka buga masa zanen jijiya, aka gasa masa fenti tun daga can. Ruwa ba ya ruɓar da shi, wuta ba ta kama shi, gara kuma in ta cije shi haƙoranta za ta bari a wurin. Dalilin da Hajiya ta saye shi ke nan. Wato na yi kwana biyu a rana ina kare siminti daga gara.

Wata mai jan leshi ta fara dariya tana ƙoƙarin mayar da ita tari. Sauran suka kama. Baba Audu ya juya yana nazarin katanga. Hajiya ba ta yi dariya ba, ta ce, "Ba kai ka ce tun ba a haife shi ba kake aikin ba?"

Hanne ce ta amsa, a hankali, idonta a ƙasa. "Hajiya, a yi haƙuri. A gida ma ko kankana sai ya ƙwanƙwasa. Ranar ce ya sa kaftani."

Nan ko Hajiya sai da kafaɗarta ta girgiza don dariya. Amma ta shiga mota ba ta ce komai a kan ɗakuna ba. Abin da ta ce kawai, "Ka wanke."

Kwana goma sha ɗaya na yi ina wanki: kananzir, garin sabulu, tsumma, soso, ruwan zafi. Fuskar allunan ta saki, amma bakin yanka da ramukan jijiyar nan da na yaba sun riƙe man gam. A ƙarshe yaran Sunday suka canza wasu, suka yi wa gaban gidan fenti mai duhu kalar gahawa, don mai haske ba zai rufe ba. A gida kuwa Hanne ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina zancen famfo. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Dutsen da nake hawa ma na daina, ban ga fuskar da zan kalli gidajen mutane da ita ba.

Ran na sha biyu ina naɗe tsummokarana Hajiya ta zo ita kaɗai. Ta zagaya gidan, gefe uku shayi, gaba gahawa. Ta tsaya a gabana ta buɗe jaka.

"Na yi tunani, Malam. Mutumin da zai sha rana kwana biyu ba wanda ya sa shi, don tsoron kada ƙwaro ya taɓa mini gida, ɓarawo ba zai ji daɗinsa ba." Ta riƙe mukullin a sama ba ta sake ba. "Amma da sharaɗi. A gidan nan ko ƙusa za ka buga, ka kira ni. In kuma ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Ni ma akwai ranar da nake faɗar haka a ofis."

Na ce, "Yes." Sai na tuna, na ce, "Na ji, ranki ya daɗe. Wannan kam na gane."

Shekara biyu ke nan muna ciki. Alayyahun Hanne ya yi, mangwaron ya kai ƙirjina. Bangon Hajiya ko gezau, damina biyu ta bi ta kansa ba kumburi ba saɓa. Yaran layin suna kirana Baba Mai Baƙin Mai, ina amsawa, don na gaji.

Saura abu ɗaya. Da za mu tare, ni na haɗa ƙofar ɗakinmu da hannuna, katako na gaske, na ƙwanƙwasa shi har sau uku. Sai dai na kasa shafa masa baƙin mai. Na ɗauko jarkar, warin ya buge ni, na ji dariyar mai jan leshi, na mayar na ajiye. A watan jiya Hanne ta turo ƙofar nan da tire a hannu, sai ƙofar ta biyo ta ta kwanta a tsakar ɗaki. Gara ta cinye cikinta tas, fenti kawai ta bar mana.

Don haka ga abin da na koya, a kyauta na ba ku. In an tambaye ka ko ka gane, duba da kyau ko kai ne za ka amsa ko kaftaninka. Kuma duk inda ka shiga, ko ƙofar tana buɗe kanta, sauko da hannunka daga baya ka ƙwanƙwasa.